Ido Jagoran Hannu: Tsokaci a Kan Yadda Gani Ke Sarrafa Miƙa Hannu da Kamu

1.0 Gabatarwa

Hausawa kan ce "ido ba mudu ba ne, amma ya san ƙima". Galibi ana kawo wannan karin magana ne a fagen ciniki, to amma ta ƙunshi wata gaskiya game da halittar ɗan'adam, watau cewa ido ne ke auna abu kafin hannu ya kai gare shi. Manufar wannan maƙala ita ce bayyana yadda wannan awo ke gudana, tare da kawo misalai daga sana'o'in yau da kullum irin na Angwan Iya da ke cikin garin Keffi a Jihar Nasarawa. Haka kuma za a nuna abin da ya sa mutum kan iya ganin abu sarai amma ya kasa kama shi.

2.0 Matakan Miƙa Hannu

Tun a shekarar 1899 wani masani ɗan Amurka, Robert Woodworth, ya nuna cewa miƙa hannu mataki biyu ne. Da farko hannu kan zabura da sauri bisa shirin da ƙwaƙwalwa ta riga ta yi, sannan ya rage gudu in ya kusa, domin ido ya gyara masa hanya. A shekarar 1981 kuma Marc Jeannerod na ƙasar Faransa, bayan ya ɗauki hoton hannuwa a majigi, ya ƙara da cewa aiki biyu ke tafiya tare: damtse na kai hannu wurin abin, yatsu kuwa na shirya siffar kamu tun a hanya. Tazarar da ke tsakanin babban yatsa da manuni takan yi ta buɗewa har ta ɗan wuce faɗin abin, a wajen kashi biyu cikin uku na tafiyar, sannan ta soma rufewa.

Alal misali, mai shayi a bakin titi ba ya buɗe yatsunsa iri ɗaya ga cokali da gwangwanin madara, alhali bai taɓa ko ɗaya ba tukuna. Hasali ma, Michael Land da abokan aikinsa a Ingila sun bi diddigin idon masu haɗa shayi a shekarar 1999, suka tarar ido kan riga hannu isa ga kowane abu da kimanin rabin daƙiƙa, kuma yakan wuce ga abu na gaba kafin hannu ya gama da na farko.

3.0 Ire-iren Kamu a Bakin Bahaushe

A shekarar 1956 John Napier ya raba kamu gida biyu: riƙon ƙarfi, wanda ake yi da tafin hannu da dukkan yatsu, da riƙon tsanaki, wanda ake yi da kan yatsu. Harshen Hausa ya daɗe da wannan rabo, har ma ya zarce shi. Ana damƙar ƙota ko taɓarya, ana tsince tsakuwa daga shinkafa, ana cafe abin da aka jefo, ana tallabe ƙwarya daga ƙasa. Kowace ɗaya daga cikin waɗannan kalmomi suna ne na wata siffar hannu, kuma ido ne ke zaɓar siffar tun daga nesa, gwargwadon girman abin da yanayin ajiyarsa.

4.0 Hanyoyin Gani Biyu a Ƙwaƙwalwa

Saƙon ido yakan fara sauka ne a ɓangaren ƙwaƙwalwa na wajen ƙeya. A shekarar 1992 Melvyn Goodale da David Milner suka kawo ra'ayin cewa daga nan saƙon kan rabu biyu. Hanyar ƙasa, wadda ta nufi gefen kai, ita ke gane ko mene ne abin. Hanyar sama, wadda ta nufi tsakar kai, ita ke shirya yadda za a kama shi.

Hujjarsu ta fito ne daga marasa lafiya. Wata mata da iskar guba, irin wadda ke cikin hayaƙin janareto da gawayi, ta lalata wa hanyar ƙasa, ta kasa faɗin siffar abin da ke gabanta, amma in ta miƙa hannu sai yatsunta su buɗe daidai da faɗinsa. Akasin haka kuwa, tun a 1909 likita Rezső Bálint na ƙasar Hangare ya bayyana wani majinyaci da ke gane abubuwa sarai, amma hannunsa na dama ya riƙa kauce musu. Bincike na baya ya nuna cewa hanyoyin biyu na musayar saƙo, sai dai rabon aikin nasu ya tabbata.

5.0 Muhimmancin Wannan Bayani

Wannan ilimi na da amfani ga iyali. Dattijon da ya tashi daga ciwon shanyewar ɓarin jiki, ya ga kofi, ya ambaci sunansa, amma hannunsa ya wuce ta gefe, ba makaho ba ne, ba kuma sammu ko shagwaɓa ba ce. Mai yiwuwa hanyar sama ce ta taɓu, kuma asibiti irin Cibiyar Kiwon Lafiya ta Tarayya da ke Keffi ya kamata a kai shi. Haka nan telan da yanar ido ta rufe wa ido ɗaya zai sha wahalar zura zare a allura, domin auna nisan abu na kusa ya fi daidai da ido biyu. Irin wannan alama ta isa dalilin zuwa awon ido da wuri, musamman ga wanda hannunsa ne abincinsa.

6.0 Kammalawa

Daga abin da ya gabata, an ga cewa ido yana auna nisa da girma, yana zaɓar siffar kamu, yana kuma gyara hanya har hannu ya sauka. Saura ga manazarta Hausa su tattara kalmomin kamu daga bakin masu sana'a na Keffi da sauran garuruwa, domin a samu isassun kalmomin da likita zai yi wa majinyaci bayani da su cikin harshensa.