Toshewar dubura: abin da ke cin 'yan tsaki a makon farko

Yawancin 'yan tsakin gidan gona da ake kiwo a Kano, Katsina da Sakkwato ba a nan aka ƙyanƙyashe su ba. Daga Ibadan ko Jos ake ɗoro su, hamsin-hamsin a kwali, su wuni ko su kwana a mota. Ragowar gwaiduwar da ke cikin ɗan tsako tana riƙe shi kusan kwana uku ba ci, amma ba ta hana shi galabaita. Kwanaki kaɗan da isowa sai mai kaji ya ga wasu sun takure gefe, sun saki fukafukai suna ta kuka. Idan ya juya ɗaya, sai ya tarar kashi ya bushe a gashin dubura, ya liƙe ta ruf.

Kaza ƙofa ɗaya gare ta, ta nan duk ƙazantar cikinta ke fita. Idan ta toshe, ɗan tsako yana iya mutuwa cikin kwana ɗaya ko biyu.

Gyaran ba shi da tsada, sai dai yana son haƙuri. A jiƙa auduga ko tsumma mai laushi da ruwan ɗumi, a dafa a wurin har busasshen kashin ya jiƙa ya saki da kansa. Kada a ɓamɓare shi da farce, domin yana tahowa da gashi da fata, kuma da 'yan'uwansa sun ga jini sai su hau saran wurin. A tsane ɗan tsakon sosai, a shafa ɗan man basilin, a mayar da shi kusa da wuta. Sababbin masu kiwo sukan rikita dubura da cibiya: dubura tana ƙarƙashin wutsiya, cibiya kuwa tana can ƙasa wajen ciki, kuma ɓawon da ke kanta ba a taɓa shi.

Inda ake yawan ɓata kuɗi shi ne wajen gano sanadi. Da an ga kashi ya liƙe, sai a garzaya kanti a sayo maganin kashe ƙwayoyin cuta a zuba a ruwa, alhali sau da yawa laifin na ɗaki ne. A makon farko 'yan tsaki suna son zafin da ya kai digiri 32 zuwa 35, a riƙa rage kimanin 3 duk mako. Wanda ba shi da ma'auni ya kalli zamansu: idan sun cunkushe jikin kaskon gawayi, sanyi suke ji, kamar yadda ake gani a daren hunturu, idan sun gudu jikin bango suna haki, wuta ta yi yawa. Kowanne cikin biyun yana ɓata musu ciki, haka ma ƙishirwa da abincin da ya yi fumfuna.

Akwai kuma lokacin da cuta ce ta gaske. Farin kashi mai yauƙi tare da mace-mace tun makon farko yana iya zama cutar fulorum, wadda ake gadonta ta ƙwai daga uwa. Kashi da jini yakan nuna koksidiyosis. Gumboro, wadda cibiyar binciken cututtukan dabbobi ta Vom ke yi wa rigakafi, ta fi kamawa tsakanin mako 3 zuwa 6, da zawo fari tsululu da saran dubura.

Duk wanda ya wanke 'yan tsakinsa, ya daidaita wuta da ruwa, amma ya ga ana ci gaba da mutuwa, ya ɗauki wanda bai daɗe da mutuwa ba ya kai wa likitan dabbobi a ranar, kafin ya zuba kowane magani.