Kaka 12 Kafin Babbar Makaranta

Jama'a, ga wani lissafi mai sauƙi. Yaro yakan shiga firamare yana ɗan shekara 6. Sai ya yi shekara 6 a firamare, ya yi 6 a sakandare. Ashe daga ranar da ka kai shi makaranta zuwa ranar da zai nemi babbar makaranta, kana da kaka 12. Su ne lokacin tanadi.

Manyan makarantu ba su yi mana nisa ba. Akwai Jami'ar Ahmadu Bello a Zariya tun 1962. Akwai Jami'ar Umaru Musa 'Yar'aduwa a Katsina. A Dutsin-Ma akwai Jami'ar Tarayya da Kwalejin Ilimi ta Isa Kaita. Amma kowacce sai da kuɗi: na jarrabawa, na rajista, na ɗaki, na abinci, na mota. Wanda bai shirya ba, ranar da takarda ta zo sai ya jinginar da gonarsa.

To, yaya za a yi? Kowace kaka ka ware buhu ɗaya na masara ko dawa, ka ce wannan na karatu ne. Kada ka sayar da shi da kaka, don lokacin hatsi yana araha. Ka adana shi inda ƙwari ba za su ci ba, sai damina, sa'ad da farashi yakan tashi.

In ka sayar, kada ka zuba kuɗin wuri ɗaya. A da, saniya ita ce bankin manomi. Amma mu mutanen Ƙanƙara da Faskari da Sabuwa mun san abin da ɓarayin daji suka yi wa garkuna. Dare ɗaya ake kore wahalar shekara goma. Kuɗin asusu kuwa, tsadar kaya tana cinye su suna kwance. Saboda haka ka raba su uku. Kashi ɗaya ka sayi akuya ko tunkiya, uwargida ta kiwata a gida. Kashi ɗaya ka shiga adashi da amintattu. Kashi ɗaya ka kai banki, a Funtuwa ko Malumfashi, ka riƙe takardarka. In ɗaya ya salwanta, biyu suna nan.

A 2024 Gwamnatin Tarayya ta fara ba ɗalibai rance marar ruwa ta hannun hukumar NELFUND. Wannan taimako ne, amma bashi ne, sai an biya. Kuma ba a ba yaro sai ya riga ya sami shiga. Kuɗin jarrabawa da na tafiyar farko suna wuyanka.

Kada ka manta da 'yarka. Ita ma a ware mata buhunta. Wata rana ita ce ungozomar asibitin garinmu.

Ku fara bana, 'yan'uwa. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Tambayoyi
1. Kaka nawa ke tsakanin shiga firamare da gama sakandare?
2. Don me ba a sayar da buhun karatu da kaka?
3. Don me za a raba tanadi kashi uku?