Waya ko Igiyar Roba: Wacce Ce Ke Ɓoye Ciwonta?

Da wuya a shiga gida a unguwar Gyadi-Gyadi ta Kano a rasa igiya tana aiki: ta shanya a tsakar gida, ta guga a bakin rijiya, ta ɗaure rago idan Babbar Sallah ta matso. A da, rama da kaba ake tufkawa. Yanzu mai shago a kasuwar Tarauni abu biyu zai miƙo wa mutum, shuɗiyar igiyar roba ko waya mai rigar leda. Sau da yawa wayar ake ɗauka, wai ƙarfe ba ya ruɓewa.

Matuƙan jiragen ruwa masu tafiya da iska sun daɗe suna wannan muhawara, su kuwa ransu ne a kai. A gefen jirgin akwai shinge mai layi biyu da ke tare mutum kada igiyar ruwa ta watsa shi teku. Shekara da shekaru waya mai farar riga ake ɗaurawa, don ta fi kyan gani da taushi a hannu. Daga baya aka gane ruwan gishiri na shiga ta bakin rigar ya kwanta, tsatsa ta yi ta cin ƙarfen ba wanda ya gani, sai ranar da wani ya jingina ta tsinke. Shi ya sa dokokin tseren teku na hukumar World Sailing suka hana wayar shinge mai irin wannan riga.

Igiyar roba ma ba iri ɗaya ba ce. Nailan, wanda kamfanin DuPont na Amurka ya ƙirƙiro a 1935, yana miƙewa kamar danko, kuma ƙarfinsa na raguwa in ya jiƙe. Shuɗiyar nan mai araha, folifurofilin, ba ta shan ruwa, amma rana ce ajalinta. A Kano, inda zafin Afrilu kan haura digiri 40, takan koɗe ta yi gashi-gashi. A murza ta, sai a ga gari a tafin hannu. Akwai kuma Dyneema, wadda kamfanin DSM na Holan ya fito da ita. Masu ita sun ce in aka auna nauyi da nauyi ta ninka ƙarfe ƙarfi sau 15, amma tana narkewa a wajen digiri 145, kuma gogar abu mai kaifi na cinye ta.

Bambancin ke nan: igiya na nuna tsufanta, waya mai riga kuwa tana ɓoyewa.

A tsakar gida, wayar shanya ta fi jure rana, ba ta kuma lanƙwasawa ƙarƙashin jiƙaƙƙen bargo. Sai dai da rigar ta tsage, jan layin tsatsa zai bayyana a kafaɗar farar shadda. Da damina kuma, in iska ta yar da wayar lantarki a kanta ko a kan kwanon da aka ɗaure ta, wuta za ta bi ta har hannun mai kwashe shanya. A rijiya igiyar roba ce ta dace, muddin ana naɗe ta a inuwa bayan ɗiban ruwa, ana kuma duba inda take gogar bakin siminti.

Wanda ya riga ya sayi waya, ya riƙa duba bakinta biyu, wajen ƙusa, bayan kowace damina. In rigar ta kumbura ko ta yi ɗigon ja, a kwance ta.