Atamfar Wanki Biyu

A watan Janairu na shekarar 1994 aka rage darajar kuɗin sefa da rabi. Tun daga nan atamfar Holan, wadda kamfanin Vlisco ke bugawa a garin Helmond, ta fi ƙarfin talaka. Kwaikwayonta daga ƙasar Sin ya cika rumfuna, tun daga babbar kasuwar Yamai har kasuwar Dole ta Damagaram. Ga araha, ga sabon zane kowace salla, amma sau da yawa wanki biyu ya isa ya mai da turmi tsumma.

Abin da ke ruɗin mai saye shi ne sitaci. Ana cika yadi maras kauri da shi, ya sandare, ya yi ƙyalli. Tsofaffin teloli ba su yarda da ƙyalli ba. Sukan murje gefen yadin tsakanin yatsu, su ɗaga shi ga rana: in haske ya ratsa saƙar, ba za ta jima ba. Sukan kuma juya bayansa, domin atamfar kaki ta ainihi launinta ɗaya ne ciki da waje. Lambar da ke bakin zane kuwa ba shaida ba ce, ita ma ana kwaikwayonta.

Gwajin da ya fi tabbas na ashana ne. Zaren auduga yana ƙonewa da warin takarda, ya bar toka mai laushi. Na roba narkewa yake, ya dunƙule ya yi tauri. Magidancin da zai haɗa akwatin aure da kuɗin geron shekara guda yana da haƙƙin roƙon zare ɗaya kafin ya biya.