3.4 Dalilin Farin Jinin Wasan Noma na Kwamfuta

Wasan noma na kwamfuta wasa ne da ake kwaikwayon rayuwar manomi a cikinsa, wato shuka da ban-ruwa da kiwo da kai amfanin gona kasuwa. Daga cikin na farko akwai Harvest Moon, wanda ya fito a Japan a shekarar 1996. A Stardew Valley kuwa, wanda Eric Barone ya fitar a 2016, mai wasa yakan bar aikin ofis ya koma gonar da ya gada wajen kakansa.

Abin da ke jawo mutane gare shi shi ne noma ba tare da fargaba ba. Manomin Tambuwal ko Kebbe idan ya shuka gero a watan Yuni, sai ya yi kimanin wata uku yana duban sama, ga tsadar taki, ga ƙuduji, ga tsuntsun jan-baki. A Stardew Valley kuwa damina kwana 28 ce kacal, kuma shukar da ta rasa ruwa ba ta mutuwa, girma kawai take dainawa.

A taƙaice, wasan ya ɗauki daɗin kaka ya bar wahalar damina. Shi ya sa yake hutar da zuciya, alhali manomin gaske rumbunsa ke nuna ko iyalinsa za su kai baɗi.