Motar Hannu Ga Sabon Direba: Abin Da Mai Saye Da Dillali Za Su Duba

Maganarmu ta wannan fitowa a kan ƙaramar motar gida ce ta hannu, wadda ake saya wa yaro ko ƙane ko uwargida da suka karɓi lasin tuƙi kwanan nan. Irin da muke nufi ita ce mai ƙofa biyar, watau wadda but ɗinta yake haɗe da wurin zama, ƙofar baya kuma tana ɗagawa sama tare da gilashinta. Gajera ce, tana shiga lungun kasuwa ta juya ba wahala, in an kwantar da kujerun baya kuma ta ɗauki buhu da kwali. Ga ta ba ta da shan mai, wanda kuwa tun da aka janye tallafin fetur a watan Mayu 2023, kowa ya san zafin wannan a aljihunsa.

To, abin da muke so a riƙe shi ne, sabon direba bai san kukan mota ba. Tsohon hannu yana jin ƙara zai faka ya duba. Sabo kuwa sai ya yi ta tafiya har injin ya buga, ko birki ya ƙi ci a tsakiyar jama'a. Saboda haka motar da ta dace da shi ita ce mai haƙuri, wadda kayan gyaranta ke nan kusa, kuma bakaniken unguwa ya san cikinta. Sheƙin fenti da ƙarfin gudu duk suna bayan wannan.

IRIN MOTOCIN

Ta farko a wurinmu ita ce Toyota Matrix, da 'yar'uwarta Pontiac Vibe. An fara sayar da su a 2002, Matrix a Kanada aka ƙera ta, Vibe kuma a Kalifoniya ta Amurka. Suna ne dabam da ɗan bambancin jiki, amma injin da giya duk na Toyota ne, irin na Corolla. Wannan ne ya sa kayansu ba su wuya a Ƙofar Ruwa ta Kano, ko Panteka ta Kaduna, ko Ladipo ta Ikko. A nemi mai injin 1.8, wanda ke aiki da sarƙa, ba bel ɗin roba mai tsinkewa ba. Daga ƙirar 2009 akwai mai injin 2.4, ya fi shan fetur, kuma an san shi da shan baƙin mai. Mai jan ƙafa huɗu ita ma a bar ta, ƙarin kashe kuɗi ce ga wanda makaranta da kasuwa ce iyakar tafiyarsa. Ita Vibe an daina yin ta a 2009, don haka fitila da bamba nata sun fi na Matrix wuyar samu, sabon direba kuwa su yake fara fasawa.

Ta biyu Honda Jazz, wadda ta fito a 2001, a Amurka ana ce mata Fit. Tankin manta yana ƙarƙashin kujerun gaba, shi ya sa cikinta ya fi yadda ake zato faɗi. Amma fa akwai abu biyu. Ƙaramin injin ƙirar farko filogi takwas gare shi, biyu ga kowane silinda, kuma sau da yawa akan canza huɗun gaba a manta da na baya. Sa'an nan giyarta ta otomatik tana da man kanta na musamman, in aka zuba mata wani sai ta riƙa rawa wajen tashi. Wadda aka ji tana wannan karkarwa kada a taya ta.

Ta uku Toyota Yaris, tun 1999 ake yin ta. Ga rashin shan mai, ga rashin laulayi, sai dai ƙanƙanta. Ta yi wa ma'aurata masu 'ya'ya biyu, ba ta yi wa gidan yawa ba.

Sai Golf. Golf 3 kowa ya san juriyarta a hanyoyinmu, amma tsakanin 1991 da 1997 aka yi ta, tsufa ya kama ta, galibi kuma ta sha haya, da yawa ba su da jakar iskar nan mai kare direba. Golf 4 ta fi ta ƙarfin jiki, sai dai galibi injinta da bel yake aiki, in ya tsinke ana tafiya sai ya lanƙwasa bawul. Duk wanda ya saye ta, ya canza bel ɗin tun kafin ya miƙa makulli.

YADDA ZA A DUBA

Gani ya kori ji. A tafi da bakanike na mai saye, ba na mai mota ba, kuma a tafi da sassafe tun ba a ta da ita ba, domin injin da ya yi zafi yana ɓoye laifinsa. A murɗa makulli rabi, lalle ne fitilun gargaɗi su kama duka, na injin da na birki da na jakar iska, su mutu bayan ta tashi. Wadda ba ta kama ba ko kaɗan, wataƙila an cire ƙwanta ne. A kalli hayaƙin salansa. Shuɗi alamar tana ƙona baƙin mai, fari mai kauri wanda ba ya yankewa alamar gasket ya ƙone. A buɗe murfin baƙin mai, in an ga abu kamar kunun gyaɗa to ruwa ya shiga. A jona kwamfutar gwaji, duk motar da aka yi domin Amurka daga 1996 tana da wurin jonawa a ƙarƙashin sitiyari.

Bayan injin sai jiki. A sa ta a rami a leƙa ƙarƙashi. Motocin Kanada da arewacin Amurka suna shan gishirin da ake watsawa a titi lokacin ƙanƙara, tsatsa tana cin su ta ciki alhali sama tana walƙiya. A duba walda a casis, da ƙofar da ba ta rufuwa daidai, da fentin da bai yi kala ɗaya ba, waɗannan shaidar haɗari ne. A ɗaga kafet a sansana, a leƙa ramin safaya. Laka ko warin ruma yana nufin ta sha ambaliya. Irin wannan ta faru a Hustan ta Amurka a 2017, motoci masu ɗimbin yawa suka nutse, ire-irensu kuwa gwanjo ake kai su, wayoyinsu ba su sake yin lafiya. A tabbata kuma ba a sare indomi daga salansa ba.

Lissafin tafiya da ke gaban direba kada a dogara da shi, ana mai da shi baya. A gwada shi da cinyewar feda da sitiyari da kujera. A tuna kuma motar Amurka mil take ƙirgawa, mil ɗaya kuwa kilomita 1.6 ne, watau mil 150,000 ya kai kilomita 240,000.

Taya tana da ranar haihuwarta a jiki, lamba huɗu. In an ga 2321, mako na 23 ke nan na shekarar 2021. Tsohuwar taya ko da zanenta bai cinye ba tana fashewa a zafin kwaltarmu. Matrix da Vibe na 2003 zuwa 2008 suna cikin motocin da kamfani ya yi kira a mayar domin canza jakar iska ta Takata, wadda kan fashe da ɓaraguzan ƙarfe. Da lambar casis ake bincikawa a intanet ko an canza.

Motar da aka juya wa sitiyari daga dama zuwa hagu a guje ta. Nijeriya ta koma tuƙi ta hannun dama tun 2 ga Afrilu 1972, sitiyarinmu na hagu ne. Juyin da aka yi a gareji yana taɓa birki da sitiyari, ran mutum kuwa a kansu yake.

TAKARDU

Lambar casis haruffa da lambobi 17 ce. A karanta ta a jikin mota, a gwada da ta takardar kwastan da ta rajista ɗaya bayan ɗaya. Na farkonta yana faɗin ƙasar da aka ƙera ta: J Japan, W Jamus, 2 Kanada. A motar Amurka na goma yana faɗin shekarar ƙira: 5 ita ce 2005, A kuma 2010. Da wannan ake kama tsohuwar da aka sake wa fitila aka ƙara mata shekaru. A Janairu 2017 gwamnati ta hana shigo da motoci ta iyakar ƙasa, don haka 'yar Kwatano da ta shigo a wancan zamani sai an kai takardarta ofishin kwastan an tantance. A rubuta takardar ciniki da shaidu, a canza suna, a yanki inshora, wadda aka mai da mafi ƙanƙantarta Naira 15,000 a Janairu 2023.

KUƊI DA AMANA

Farashin 'yar Beljiyam dala yake bi, shi ya sa wadda aka hau a gida ta yi kasuwa. Ba laifi, in dai an san mai ita da bakanikensa. Shawararmu kada a zuba kuɗin duka a ciniki. A ware ko da kashi ɗaya cikin goma domin baƙin mai, da birki, da taya, da batir, a yi su kafin yaro ya hau titi. Sayen nagari mai da kuɗi gida.

Ku kuma dillalai, uban da ya ce ku nemo wa ɗansa mota, ran ɗan ya danƙa muku. La'ada kwana biyu ta ƙare, amma in motar ta yi ɓarna sunanku za a kira a zaure da wurin ta'aziyya. Ku faɗi aibin da kuka sani, a rage a kuɗi ko a fasa. Wanda ya ji daɗin cinikinku shi zai kawo muku ƙanensa da surukinsa.

Allah ya kiyaye hanya, ya sa albarka a kasuwa. Sai fitowa ta gaba.