Inda Na'ura Ke Samo Amsar da Take Ba Ka

A watan Fabrairun 2011 wata kwamfuta mai suna Watson, ƙirar kamfanin IBM, ta kayar da gwanaye biyu, Ken Jennings da Brad Rutter, a gasar kacici-kacici ta Jeopardy! da ake nunawa a talabijin a Amurka. Cikin karatun da aka ɗura mata har da Wikipedia gaba ɗayanta. Har yau masu binciken koya wa na'ura amsa tambaya ba su rabu da wannan kundi ba, domin kyauta ne, a tsare yake, kuma kowa na iya sauke shi.

A 2016 masana a Jami'ar Stanford suka zaɓi maƙaloli 536 na Wikipedia, suka sa mutane suka tsara tambayoyi sama da 100,000 daga cikinsu. Suka kira tarin SQuAD. Za a ba na'ura sakin layi da tambaya, ta nuna inda amsar take. Sai dai akwai gyara, domin mai tambayar ya riga ya karanta amsar, saboda haka yakan ari kalmomin sakin layin, na'ura kuwa ta bi sawunsu ko da ba ta gane komai ba.

A 2017 Danqi Chen da abokan aikinta suka fito da wani tsari mai suna DrQA, wanda ya raba aikin biyu. Sashe ɗaya, kamar ɗan aike, zai shiga cikin maƙaloli sama da miliyan 5 ya ɗauko biyar da suka fi kusa da tambayar. Sashe na biyu ya karanta su ya tsamo amsa. Idan ɗan aiken ya ɗauko takardar da ba ita ba, ƙwarewar mai karatun ba ta da amfani.

Abin da ya fi damuna shi ne rabon Hausa a wannan aiki. A 2023 ƙungiyar Masakhane da masana na Google suka fitar da AfriQA, tambayoyi sama da 12,000 a harsunan Afirka 10, har da Hausa. Amma da yake abin da aka rubuta a Wikipedia ta waɗannan harsuna bai taka kara ya karya ba, sai aka bi doguwar hanya: a fassara tambayar Bahaushe zuwa Turanci, a nemo amsa a can, sannan a dawo da ita Hausa. A kowane zango ana iya yin tuntuɓe, musamman kan sunan gari ko na sarauta.

Kuma wannan hanya tana ɓullewa ne kawai idan an rubuta abin da Turanci. Za a samu bayanin Sarkin Kano Muhammadu Rumfa a can. Amma tambaya kan ranar da kasuwar wani ƙauye a Damagaram ke ci, ko yadda ake haɗa daddawa a Sakkwato, tana jiran wani ya zauna ya rubuta, ya kuma kawo madogara, kafin na'ura ta samu abin ɗaukowa.